Kuɗin Fito da Ƙarancin 'Yan Ƙwadago: Yadda Cefane Ya Kaya a Amurka a 2025 da Irin Tanadin da Ya Biya

Ranar 2 ga Afrilun 2025 Shugaba Donald Trump ya sanar da sabon kuɗin fito a kan kayan kusan dukan ƙasashen duniya, kuma bayan kwana uku mafi ƙanƙantarsa, kashi 10 cikin 100, ya fara aiki. A daidai wannan lokaci jami'an shige da fice suka tsananta kamen baƙin da ba su da takardu, alhali da yawansu su ne ke tsinkar kayan lambu da aikin nama a mayanka. Masu cefane suka shiga zulumi: me za a saya a ajiye, nawa, kuma yaushe?

Alƙaluman da suka fito daga baya sun ba da amsar da ba kowa ya zata ba. Zuwa watan Agusta, farashin abincin da ake saya a dafa a gida ya ƙaru da kashi 2.7 ne kawai a kan na Agustan 2024, nesa ba kusa ba da kashi 11.4 da aka gani a 2022. Amma a cikin wannan lissafin, gahawa ta hau da kusan kashi 21, naman shanu ma ya haura kashi 10. Wato tsadar ba ta zama ruwan dare ba, zaɓen kaya ta yi. Wanda ya cika gidansa da komai da komai ya daskarar da kuɗinsa a banza, wanda ya gane kayan da abin zai faɗa wa shi ya ci riba. Gane su kuwa ba duba ba ne. Tambayoyi biyu ake yi wa kowane kaya: daga wace ƙasa ya zo, kuma hannun mutum nawa ya bi kafin ya iso kanti?

Hanyar da kuɗin fito ke bi ya iso aljihu

Kuskuren farko shi ne ɗaukan cewa harajin kashi 15 na nufin farashin kanti zai hau da kashi 15. Kwastam na lissafi ne a kan kuɗin da mai shigo da kaya ya saye shi a ƙasar da ya fito. A ɗauki katan ɗin doya da aka saya Dala 20 a Gana, ake sayar da shi Dala 60 a shagon kayan Afirka a unguwar Bronx ta birnin New York. Kashi 15 na Dala 20 Dala 3 ne. In an ɗora wa mai saye duka, ƙarin kashi 5 ke nan. Sauran kuɗin na jirgi ne da hayar shago da albashi da riba. Inda abin ke kumbura shi ne idan ɗan sari da mai shago kowa ya ɗora ribarsa a kan sabon farashin, ko kuma mai shago ya fake da labarin haraji ya ƙara wa kayan da harajin bai ma shafa ba.

Sannan akwai jinkiri. Ayaba da tumatir ba sa jira, don haka ƙarinsu kan bayyana cikin makonni. Gahawa da shinkafa da kayan gwangwani kan ɗauki watanni, domin kamfanoni na da tsohon kaya a sito da tsofaffin kwangiloli. Wannan tazarar ita ce ƙofar mai tanadi. Daga ranar sanarwa zuwa ranar da sabon farashi zai bayyana a kanta, akwai lokacin sayen kayan da ke jure ajiya a tsohon kuɗi. Ba a fafa gora ranar tafiya.

Harajin kuma bai faɗa wa kowa daidai ba. Birazil, wadda ke ba Amurka kusan sulusin gahawarta, an kai nata kashi 50 daga 6 ga Agusta, ga shi in ban da Hawai da Fwato Riko babu inda ake noman gahawa sosai a ƙasar, don haka babu na gida da za a koma wa. Indiya ta fara da kashi 25, aka ninka zuwa 50 ranar 27 ga Agusta, abin da ya shafi basmati da jatan lande da kayan ƙamshi. Tailan, mai shinkafar jasmin, an sa mata kashi 19 a lokacin. Najeriya da Gana aka sa musu kashi 15. Meziko da Kanada kuwa, duk hayaniyar da aka yi ta kashi 25, kayan da suka cika sharuɗɗan yarjejeniyar kasuwanci ta ƙasashen uku an tsame su tun watan Maris, kuma yawancin kayan gona na ciki. Shi ya sa fiya da barkono da kokwamba na Meziko ba su yi tashin da aka yi ta hasashe ba.

Tumatir ne ya fita daban. Tun 1996 akwai wata yarjejeniya da ta dakatar da harajin da ake ɗorawa a matsayin hukuncin karya farashi a kan ɗanyen tumatir na Meziko. Manoman Fulorida sun daɗe suna ƙorafi a kanta, kuma ranar 14 ga Yuli aka soke ta, aka ɗora kashi 17.09. Wajen kashi 70 na ɗanyen tumatir da ake ci a Amurka daga Meziko yake.

Akwai kuma harajin da ba a ganinsa a jikin abinci. Na ƙarfe da alminiyom ya tashi daga kashi 25 zuwa 50 ranar 4 ga Yuni, kuma mafi yawan ƙarfen da ake ƙera gwangwanin abinci da shi shigo da shi ake yi. Saboda haka waken da aka noma a Amurka, aka dafa a Amurka, zai iya hawa don kawai gwangwanin da aka zuba shi.

Hannun da ke girbi

Kididdigar Ma'aikatar Gona ta Amurka ta nuna kimanin kashi 42 na leburorin da ake ɗauka aikin amfanin gona ba su da izinin aiki, kuma kusan bakwai cikin goma ba a ƙasar aka haife su ba. Ranar 10 ga Yuni an kai samame gonaki a yankin Bentura na Kalifoniya, da kuma wata masana'antar nama a Omaha ta jihar Nebraska inda aka kama mutum sama da 70. Illar irin wannan ta wuce adadin waɗanda aka kama, domin washegari da yawa ba sa fitowa aiki don tsoro, har da masu takardu da ke da ɗan'uwa marar su a gida. An ba da umarnin sassauta samame a gonaki a tsakiyar watan, aka janye shi cikin 'yan kwanaki. Ban da wannan, a ƙarshen Mayu Kotun Ƙoli ta bari a soke izinin zama na wucin gadi na mutum sama da 500,000 daga Kyuba da Haiti da Nikaraguwa da Benezuwela, waɗanda wasunsu ke aiki a mayankar shanu da kaji bisa doka.

Ba sabon abu ba ne. A 2011 jihar Jojiya ta kafa doka mai tsauri a kan baƙin haure, kuma a wannan shekarar amfanin gona ya ruɓe a gonaki don babu mai tsinka.

To amma me ya sa kanti bai ji jiki nan take ba? Na farko, abin da ke isa hannun manomi bai kai santi 16 cikin kowace Dala da ake kashewa a abinci ba, kuɗin ƙwadago kuma wani yanki ne na wannan. Na biyu, akwai bizar H-2A ta aikin gona na lokaci, wadda ba ta da iyakar adadi, kuma manoma sun ƙara rungumarta duk da tsadarta, don sai sun ba ma'aikaci masauki da kuɗin mota. Gibinta shi ne ba ta shafi aikin shekara cur ba, wato tatsar madara da yanka. A nan ne ya kamata mai lura ya sa ido, don illar tana zuwa a hankali.

Rabe-raben da ke da amfani ga mai cefane shi ne wannan: alkama, masara, waken suya, shinkafa, busasshen wake da dankali, inji ke girbinsu. Latas, inabin ci, tuffa, strobari da ɗanyen tumatir, hannu ke tsinkarsu. Na rukunin farko ba ruwansu da samame. Na biyu su ne a bakin wuta, kuma su ne ba sa ajiyuwa.

Kada kuma a jingina wa gwamnati laifin da ba nata ba, domin kuskuren gane sanadi kan jawo kuskuren tanadi. Dozin ɗin ƙwai ya kai Dala 6.23 a watan Maris, amma murar tsuntsaye ce sila, kuma da kaji suka farfaɗo ya sauko. Naman shanu kuwa, garken ƙasar ya ragu zuwa miliyan 86.7 a farkon 2025, mafi ƙaranci tun 1951, bayan shekarun fari. Aka kuma rufe shigo da shanu daga Meziko saboda wata tsutsa mai cin naman dabba da ranta. Harajin Birazil ƙari ne kawai a kan wannan. Maido da garke kan ɗauki shekaru, saboda haka tsadar nama ba irin wadda sa hannu a takarda ke kawarwa ba ce.

Lissafi kafin a je kasuwa

Tanadi daga rasit yake farawa. A tara na mako huɗu, a fitar da kaya goma zuwa goma sha biyar da suka fi cin kuɗi, a rubuta ƙasar da kowanne ya fito (tana jikin buhu ko kwalin) da yawan da ake ci a mako. Daga nan kaya kan faɗa gida uku: wanda harajin ya shafa kuma yana jure ajiya, shi ake saya da yawa; wanda ya shafa amma ba ya jurewa, shi ake nema wa madadi; wanda bai shafa ba, a bar shi a kanti ana saye yadda aka saba.

A ɗauki gida mai mutum biyar irin na 'yan Afirka ta Yamma a New York, da ke dafa kilo ɗaya na shinkafa sau huɗu a mako. Wata uku mako 13 ne, wato kilo 52, kusan buhu biyu da kaɗan na fam 50. Idan suna shan lita ɗaya ta mai a mako, lita 13. Gwangwanin tumatir uku a mako, 39. Wata uku zuwa shida shi ne iyakar da ta dace da yawancin gidaje. Fiye da haka, ɓarna da ƙuncin wuri sun fara cin ribar.

Shinkafa misali ce mai kyau ta yadda madadi ya fi tarawa. Amurka na noma tata, jihar Akansas ce kan gaba, kuma turararriyar shinkafarsu mai dogon ƙwaya ba ta da haraji, ga ta da kyau a dafa-duka. Masu ƙamshi ne ake shigowa da su. Gidan da ya mayar da basmati ta ranar Juma'a da baƙi kawai ya rage kuɗi fiye da gidan da ya jibge buhu biyar.

Yaji, kuka, kuɓewa busasshiya da daddawa da ake aikowa daga gida su ma abin ya taɓa su. Daga 29 ga Agusta aka soke sassaucin da ke barin ƙunshin da bai kai Dala 800 ba ya shigo ba haraji, sai kyautar da ba ta wuce Dala 100 ba. Kilishi kuwa tun asali haramun ne shigowa da shi, kuma a filin jirgi ake ƙwace shi.

Inda ajiya ke lalacewa

Abokan gaba huɗu ne: ƙwari, danshi, zafi da iska. Ƙwai na ƙwaro yawanci a cikin hatsin yake zuwa daga kanti, don haka rufe buhu bai isa ba. A raba shinkafa ko wake ko fulawa a ledoji, a sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na kwana huɗu zuwa bakwai. Idan an fito da shi kada a buɗe ledar sai ya huce sarai, kwana ɗaya cikakke. Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa: ana buɗewa da sanyinsa, raɓa ta kwanta a kan hatsin, a rufe shi a bokiti da laimarsa, bayan wata biyu a tarar da fumfuna.

Bokitin roba na abinci mai lita 19 na ɗaukan kimanin kilo 15 na shinkafa. A ɗora shi a kan katako, kada ya zauna a siminti, kuma nesa da bututun ɗumama ɗaki. Ga ajiyar wata shida, murfi mai kamawa sosai ya wadatar. Ledar Mylar, wato leda mai rufin ƙarfe da ke hana iska da haske shiga, da ƙunshin da ke zuƙe iskar oksijin na mai son shekaru ne, kuma suna da sharaɗi: kayan ya zama busasshe ƙarau, danshinsa ƙasa da kashi 10. Abu mai laima da aka rufe ba iska shi ne mazaunin ƙwayar cutar botulizim, gubar da ba ta da wari ba ta da ɗanɗano. Kada a sa wannan ƙunshi a sukari ko gishiri, dunƙulewa suke yi kamar dutse.

Kowane kaya da wa'adinsa. Farar shinkafa na shekaru. Wadda ba a cire dusarta ba wata shida ne, don man da ke cikinta kan lalace. Fulawa wata shida zuwa shekara. Wake ba ya ruɓewa amma bayan shekara ɗaya ko biyu sai ya ƙi nuna, a ƙona gas a banza. Man girki wajen shekara idan ba a buɗe ba kuma yana cikin duhu, saboda haka galan ƙanana sun fi jarka ɗaya babba da za a yi wata huɗu ana buɗewa. Gwangwanin tumatir da sauran masu tsami wata 12 zuwa 18, na wake da kifi shekara biyu zuwa biyar. Wanda ya kumbura, ko ya lotsa a bakin haɗi, ko ya yi feshi da aka buɗe, a jefar ba tare da an ɗanɗana ba. Gahawa a saya ƙwaya a rufaffen ƙunshi, don niƙaƙƙiya ƙamshinta na gudu da wuri. A rubuta ranar saye da alƙalami a jikin komai, sabo ya koma baya, tsoho ya matso gaba.

Nama da kayan miya

Ga nama, watanda ce hanyar da ta fi biya: gidaje huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi sa ko tumaki daga gona mai yankan halal, a raba. Abin lura shi ne ana yawan faɗin farashi a kan nauyin gawar da ke rataye, kuma abin da zai iso gida bayan cire ƙashi da kitse kan zama kashi 60 zuwa 65 na wannan nauyin. A raba jimlar kuɗin, har da ladan yanka, a kan kilon da aka karɓa a hannu, sannan a gwada da farashin mahauci. Firiza mai lita 200 na ɗaukan kimanin kilo 100. Niƙaƙƙen nama wata uku zuwa huɗu yake yi da kyansa, manyan yanka wata huɗu zuwa shekara, kaza sukutum shekara. A ƙulle kashi-kashi na girki ɗaya, a matse iska, in ba haka ba sanyi ya busar da gefen naman ya yi fari. Idan wuta ta ɗauke, cikakkiyar firiza na riƙe sanyi awa 48 in ba a buɗe ba, rabi kuwa awa 24, shi ya sa ake cike gurbi da gorunan ruwa. Naman akuya daskararre da ake gani a shaguna yawanci daga Ostireliya yake, ya kuma shiga harajin kashi 10.

Tumatir na da mafita mai sauƙi. Na gwangwani da na kwaɓi kusan duk daga Kalifoniya yake, inji ke girbinsa, kuma harajin 17.09 bai shafe shi ba. Miyar da za a soya ba ta bukatar ɗanye. Wanda ya fi son ɗanye ya jira Agusta da Satumba, lokacin da na gonakin kusa ke araha, ya sayi katan, ya markaɗa da tattasai da attaruhu da albasa, ya dafa har ruwan ya ƙone ya koma rabi, ya zuba a ledoji a shimfiɗe ya daskarar. Kada a zuba wannan haɗin a kwalba a ajiye a kanta. Albasa da tattasai na rage tsamin tumatir, kuma tafasa kwalba a ruwa ba ya kashe ƙwayar botulizim a abinci marar tsami. Ko zallar tumatir sai an ƙara cokali biyu manya na ruwan lemun tsami na kwalba a kusan kowace lita.

Kuɗin da aka bari a hannu

A ce an sayi kayan Dala 300 da ake sa ran za su hau da kashi 15. Ribar Dala 45 ce. Idan kashi ɗaya cikin shida ya lalace, an yi asarar Dala 50. Idan da katin bashi aka saya, wanda ruwansa ya haura kashi 20 a shekara, aka yi wata tara ba a biya ba, ruwan kaɗai ya cinye Dala 45 ɗin. An je neman ƙiba an samo rama. Tanadi da rarar kuɗi ake yinsa, ana ƙara Dala 20 ko 30 a cefanen kowane mako, ana bin kayan da aka karya wa farashi.

Dalili na biyu na barin kuɗi a hannu shi ne dokar da aka kafa da sa hannun mutum ɗaya, da sa hannu ɗaya ake warware ta. Ranar 14 ga Nuwamba, bayan koke-koken tsada, Trump ya tsame naman shanu, gahawa, shayi, ayaba, koko, lemu da kayan ƙamshi daga harajin, kuma ranar 20 ga watan ya cire wa kayan gonar Birazil ƙarin kashi 40 ɗin da ya kai harajinta 50. Na ɗanyen tumatir na Meziko da na ƙarfe suka ci gaba, don a ƙarƙashin wasu dokoki daban aka sa su. Farashi bai sauko nan take ba, domin kayan da ke sito an riga an biya musu haraji, amma wanda ya sayi kayan ƙamshi na shekara biyu a Oktoba ya saya ne a ƙololuwa.

Ga gidajen baƙi kuwa, haɗarin ya fi yawa ta ɓangaren shigar kuɗi. 'Yan Kamaru da ke zaune da kariyar wucin gadi sun rasa ta a watan Agusta, izinin aikinsu ya tafi tare da ita. A farkon Nuwamba kuma, tsayawar ayyukan gwamnatin tarayya da ta kai kwana 43 ta jinkirta tallafin abinci na mutum kusan miliyan 42. A irin waɗannan makonni, abin da ya yi aiki shi ne abincin wata ɗaya zuwa biyu da iyali suka saba ci, tare da kuɗin haya na wata ɗaya a ajiye inda matar gida ko babban ɗa zai iya ɗauka ko da maigida ba ya nan.